Zama 12 a wani ofishi na unguwar Filato: bitar aikin wata mai jinyar zuciya a Yamai

Na daɗe ina jinkirin wannan rubutu, domin magana ce da mutumin Yamai ba ya son a ji daga bakinsa, amma tunda mutum uku sun ja ni gefe sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, na ga gara in faɗa sau ɗaya a fili. Aikin da nake bita na wata masaniyar halayyar ɗan Adam ne, irin waɗanda a nan muke kira sikolog, mai ƙaramin ofishi a unguwar Filato, inda na yi zama 12 daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar ɗari. Ba zan ambaci sunanta ba, saboda zan faɗi inda ta burge ni da kuma inda ta gaza.

Dole in fara da abin da ya kai ni. Na yi aikin agaji a jihar Difa tun bayan hare-haren da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, ina rajistar ƴan gudun hijirar da suka kafa bukkoki a bakin kwalta. Na fito daga wannan aiki da rashin barci da wani nauyin zuciya da ƙwayoyin likita iri biyu suka kasa ɗagawa. Da aiki ya kai ni ƙasar Suwis na shekara biyu, likitan ƙwaƙwalwa da ke duba ni ya nema mini izini na musamman daga hukumar lafiya ta tarayya, wadda tun 2014 take ba likitoci irin wannan izini, kowane majinyaci da takardarsa. Maganin da aka ba ni shi ne silosibin, sinadarin da masanin kimiyya Albert Hofmann ya fara tacewa daga wata irin laimar kwaɗi a birnin Basel a 1958. Sau biyu aka ba ni, a ɗakin asibiti, ina kwance da ƙyalle a ido da kiɗa a kunne, ma'aikata biyu suna zaune kusa da ni har kusan sa'a shida. Abin da na gani a ciki nawa ne, ba zan baje shi a faifai ba. Abin da zan iya faɗa shi ne na tashi da sauƙin da na manta irinsa, sannan wa'adin aikina ya ƙare, na dawo gida, kuma bayan wata uku sauƙin ya fara zurarewa kamar ruwa a kwando.

Wannan zurarewa ba a kaina ta fara ba. Babban gwajin da aka buga a 2022, wanda kamfanin Compass Pathways ya yi a kan majinyata 233, ya nuna cewa waɗanda suka sha miligiram 25 na silosibin sun samu sauƙi ƙarara a mako na uku, amma zuwa mako na 12 tazarar da ke tsakaninsu da waɗanda aka ba ƙasa da haka ta ragu. Shi ya sa masu wannan fanni suke nanata aikin da ke biyo bayan maganin, wanda da Faransanci ake kira antegarasiyo. Ni dai a wurina maganin girbi ne, zaman da ke bayansa kuwa shi ne sussuka da shiƙa, kuma wanda ya tara damma a gona ya tafi, tsuntsaye ya tara wa.

A zaman farko, kafin in gama gyara zama, ta faɗa mini abu biyu. Na ɗaya, ba ta ba da wannan magani, ba ta san mai sayarwa ba, kuma dokar ƙasarmu ta hana shi, don haka idan da wata manufa na zo, in ajiye ta a bakin ƙofa. Na biyu, ba za ta karɓe ni ba sai na kawo takarda daga likitan ƙwaƙwalwa na nan Yamai da zai ci gaba da duba lamarin ƙwayoyina. A lokacin na ji haushi, domin na ɗauka tana yi mini kallon ɗan tiramol ne, amma yanzu wannan tsantseni nata shi ne abin da na fi yabawa. A garin da kowa ya san yaron unguwa da zaƙami ya juya wa kai bai dawo daidai ba, mai aikin da ba ta shata wannan iyaka ba ba abin amincewa ba ce. Ta kuma yi mini tambayoyi masu yawa a kan ko akwai taɓin hankali a danginmu, ta bayyana cewa irin wannan magani yana iya tayar da ciwon ga mai gadonsa, abin da ya sa ake cire irin waɗannan mutane daga gwaje-gwaje tun farko.

Tsarin zaman ba shi da wani ado. Minti 50 ne, sau ɗaya a mako da farko, daga baya sau ɗaya a mako biyu. Ta ba ni littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ta ce in rubuta abin da na tuna daga waɗancan sa'o'i shida da harshen da ya fara zuwa bakina. Da na karanta mata, ba ta fassara mini ko ɗaya ba, kuma nan ne gwanintarta ta fito. Na zo ina ɗokin a gaya mini ma'anar abin da na gani, kamar yadda ake kai mafarki wurin malami, ita kuwa tambaya ɗaya take maimaitawa ta fuskoki daban-daban: «Malam, wannan abin da ka ji, ranar Talata da safe me zai sa ka yi wanda ba ka yi a makon jiya?» Tambayar ta gundure ni har zama na huɗu. Amma ita ce ta sa na ɗauki waya na kira wani tsohon direbanmu na Difa da na shekara biyar ina gudun muryarsa, ita ce kuma ta sa na daina rufe kaina a ɗaki bayan sallar isha'i, na koma cin tuwo a tabarma ɗaya da yara.

Batun addini ma ba ta kauce masa ba, kuma ba ta mai da kanta malama ba. Na gaya mata cewa zuciyata ba ta kwanta ba, domin abin da ke gusar da hankali hukuncinsa sananne ne. Ta ce fatawa ba aikinta ba ne, in je wurin malamin da na yarda da shi, in bayyana masa gaskiyar yadda aka yi. Malamin ya saurare ni da kyau, ya kawo ƙa'idar lalura da misalin allurar barci da ake yi wa wanda za a yi wa aiki a asibiti, ya kuma gargaɗe ni da kada in mai da abin da aka yi don jinya ya zama abin marmari. Zaman da muka yi bayan wannan ziyara shi ne mafi amfani a cikin duka, saboda a ranar ne na daina raba abin da ya same ni a Turai da mutumin da ke tsayawa a sahu a masallacin unguwarmu.

Akwai kuma ranar da ta nemi in zo da maiɗakina. Ta gaishe ta da «Hajiya», ta yi mata bayani da Hausa ba tare da manyan kalmomi ba, sannan ta tambaye ta abin da ta lura da shi a gida. Hajiya ta ce: «Baban yara ya dawo yana dariya, amma ina tsoron ranar da za ta ƙare.» Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan fargaba ba.

Inda aikin ya gaza kuwa, na farko harshe ne. Hausarta mai kyau ce a gaisuwa da bayanin yau da kullum, amma da zarar magana ta yi zurfi sai ta zame zuwa Faransanci, kuma takardun motsa tunani da take rabawa duk kwafin na Turai ne, har da wanda ke cewa mutum ya fita yawo shi kaɗai cikin kurmi don ya natsu. Na tambaye ta wane kurmi take nufi a Yamai, muka yi dariya, amma takardar tana nan ba a sake ta ba. Wanda bai yi lakwal mai nisa ba zai yi asarar rabin amfanin zaman. Na biyu kuɗi ne: jaka 15 kowane zama, wato jaka 180 gaba ɗaya, ban da kuɗin taksi, kuma inshorar wurin aikina ba ta mayar mini ko dala ba. Na uku, ɗakin jira da ɗakin zama bango ɗaya ne siriri ya raba su, kuma idan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ana jin maganar ciki daga waje. Sau biyu na rage murya saboda na ji tarin wani a bayan ƙofa. A aikin da jarinsa sirri ne, wannan ba ƙaramin aibi ba ne, kuma gyaransa bai fi labule mai kauri da sake wa kujeru wuri ba.

Wani abin da na so a ce ta fi faɗaɗawa shi ne matsayin maganin kansa a duniya, domin masu zuwa wurinta suna karanta labaran intanet da ke zuzuta shi. Gaskiya ne cewa Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa damar rubuta silosibin da wani sinadarin mai taɓa ƙwaƙwalwa da ake kira MDMA tun watan Yulin 2023, amma kuma hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da jinyar MDMA a watan Agustan 2024, ta nemi a sake gwaji. Ni na kawo mata wannan zance, ita kuwa ta amsa a taƙaice ta wuce.

Ga masu tambayata ukun nan, amsata ita ce kuɗin ya biya, da sharaɗin mutum ya san abin da ya je saye. Wanda ke neman hanyar samun maganin zai fito hannu rabbana. Wanda ya riga ya yi jinyar a asibitin da doka ta yarda, ko ma wanda bai taɓa kusantarta ba amma ya dawo daga Difa ko Tilaberi da abin da ya kasa faɗa wa iyalinsa, zai samu mai saurare da ba ta gaggawa. Barcina yanzu yana kai sa'a shida a yawancin darare, har yanzu ina shan ƙwaya ɗaya da likitana ya rubuta, kuma mun yi da ita cewa zan koma bayan babbar salla a duba inda aka kwana. Na roƙe ta ta sa ni a zaman ƙarshe na yamma, lokacin da ɗakin jira ba kowa.