Daɓe Mai Shan Ruwa: Wanne Za Ka Saya a Jidda?

Wanda ya ga ruwan 24 ga Nuwamba 2022, ranar da aka auna milimita 179 cikin awa shida a kudancin Jidda, ya san siminti ba ya shan ruwa, ƙofar maƙwabci yake tura shi. Tun ambaliyar 2009 da ta afka wa unguwar Kuwaiza hukuma ke gina magudanai, amma tsakar gida da ƙofar shago naka ne.

Ni dai intalok mai shan ruwa na zaɓa, wato bulon daɓe da ake jerawa suna kama juna. Ruwan ta tsakanin bulo da bulo yake sauka, inda aka cika da ƙananan tsakuwa, a ƙarƙashi kuma akwai shimfiɗar tsakuwa wankakkiya da ke riƙe shi har ƙasa ta shanye a hankali. Bututu ya fashe? Ka ɗaga bulo goma, ka gyara, ka mayar abinka. Inda mota ke hawa nemi kaurin santimita 8, wurin tafiyar ƙafa 6 ya wadatar.

Sauran nau'o'in daɓe mai shan ruwa fa? Kankare mai huda-huda ƙurar garin nan ce ke toshe shi, kuma wahalar buɗewa gare shi. Kwalta mai shan ruwa ta manyan filayen ajiye motoci ce. Bulon ciyawa kuwa, da wane ruwa za ka raya ciyawar?

Sai batun macuta, don a nan na sha wuya. Wani ɗan kwangila ya karɓi kuɗina, ya kawo intalok na yau da kullum, ya share rairayi cikin tsagogin, ya ce, "Alhaji, shi ne fa." Ruwan farko na tarar da takalman yara suna yawo a tsakar gida, dardumar ɗakin tsohuwata ta jiƙe sharkaf. Rairayi da ƙura in suka haɗu dunƙulewa suke yi, ruwa ba ya ratsawa.

Don haka ka tsaya da ƙafarka ranar da aka sauke kaya. Damƙi tsakuwar, in ta bar maka gari a tafin hannu, a mayar. Auna kaurin bulon da kanka, kada ka dogara da rasit. Unguwannin kusa da teku ruwan ƙasa na kusa, ga gishiri, sai an sa bututu mai huda a ƙarƙashi ya fitar da rarar, daɓen kuma ya gangara nesa da tushen gini. Kafin ka biya cikon kuɗi, juye bokiti guda a wurare uku, kana tsaye kana kallo. In ruwan ya kwanta, riƙe kuɗinka har a tone a sake.