Wane Kati Ya Dace da Adana Busasshen Jini don Gwajin Omega-3?

Duk wanda ya taɓa ɗibar jini a ƙauyukan Dukku ko Nafada don auna sinadaran kitse, musamman nau'o'in omega-3 guda biyu da ake kira EPA da DHA, ya san cewa ƙanƙarar da ake sa kwalaben jini a ciki ba ta isowa Gombe a zafin bazara. Shi ya sa ake ɗiga jinin a kan kati a busar da shi. Takardar tacewa ta gama-gari kuwa ba na sa ta a lissafi.

Zaɓin yana tsakanin katin Whatman 903 tsurarsa da katin da aka riga aka jiƙa da sinadarin kariya. Na farkon ya dace da gwajin jarirai, aikin da likitan Amurka Robert Guthrie ya faro a farkon shekarun 1960, amma ba ya kare kitse. Idan jini ya bushe, jajayen ƙwayoyinsa kan fashe, ƙarfen da ke cikinsu ya haɗu da iska ya riƙa lalata DHA, sai sakamako ya nuna ƙarancin da mutum ba shi da shi.

Ni na fi aminta da katin da ya haɗa sinadaran kariya na BHT da EDTA, irin PUFAcoat da masana a Jami'ar Adelaide ta Ostareliya suka samar. BHT yana tare ɓarnar iska, EDTA kuma yana kama ƙarfen kafin ya fara aiki, shi ya sa jini kan yi kimanin wata biyu a zafin ɗaki bai sauya ba. Sai dai zafin ɗakinsu ba irin namu na Afrilu ba ne, don haka nakan shanya katin a inuwa awa uku zuwa huɗu, in rufe shi a jakar da iska ba ta shiga tare da ƙunshin silika mai tsotse danshi, in kai firiza da wuri.

Jabu shi ne babbar damuwata. Wani dillali ya taɓa sayar mini da katuna yana rantsuwa an jiƙa su, ashe takarda ce zalla, aka yi asarar jinin matan da suka miƙa yatsunsu saboda sun yarda da mu. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ido ba ya bambance katin da aka jiƙa da wanda ba a jiƙa ba, saboda haka a nemi lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin, a ƙi wanda aka buɗe ake sayarwa ɗaiɗai. A duba silika ma, domin idan launinta ya juya, ta riga ta sha danshi tun a shago. Kafin a biya ko sisi, a tambayi ɗakin gwajin da zai auna jinin irin katin da yake karɓa.