Lauya wajen sayen gida: Dubai da Ingila ba hanyarsu ɗaya ba

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka ce kana tsakanin sayen fulat a Dubai, inda kake zuwa sarin kaya, ko a Manchester, inda yaronka yake karatu. Dillalin Dubai ya ce maka ba ka buƙatar lauya, na Manchester kuma ya ce yana da nasa lauyan da zai haɗa ka da shi. Kana tambaya wanne ya fi gaskiya, kuma ko kuɗin lauya ba asara ba ne. Na bi wani kawuna mun yi ciniki a Dubai, na kuma tsaya wa yayata a nata cinikin na Ingila, don haka bari in jera maka su gefe da gefe.

Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, amma babu wanda ya cika maka magana. A Ingila kusan ba a iya sayen gida sai da lauya, saboda shi ne yake riƙe cinikin tun daga farko har ƙarshe. A Dubai hukuma ce take riƙe cinikin, kuma doka ba ta tilasta maka ɗaukar lauya ba. Wannan bambancin shi ne tushen sauran duka.

A Dubai, tun 2002 aka buɗe wa baƙi ƙofar mallakar gida a wasu unguwanni da aka keɓe, irin su Marina da Palm Jumeirah da Business Bay. Ba kowace unguwa ba ce, don haka kada ka ɗauka cewa inda kake sauka a Deira ko'ina na sayarwa ne ga baƙo. Idan gidan ginanne ne, hanyar a miƙe take. Kai da mai sayarwa ku sa hannu a yarjejeniyar da ake kira Fom F, ka ajiye cek na kashi 10 cikin 100, mai sayarwa ya karɓo takarda daga kamfanin da ya gina wurin cewa ba ya bin sa bashi, sai ku haɗu a ɗaya daga ofisoshin da Hukumar Filaye ta Dubai ta ba izinin yin rajista. Ranar da muka je da kawu, muna zaune a kujeru kamar masu jiran layi a banki, da cek-cek na banki a cikin ambulan. Aka kira lambarmu, ma'aikaciya ta duba fasfo, ta karɓi cek na mai gida da na hukuma, kuma kafin la'asar takardar mallaka ta shigo wayarsa. Hukuma tana karɓar kashi 4, dillali yawanci kashi 2. Gidan dirhami miliyan 1 ke nan zai ci maka kusan dirhami 60,000 a kan farashinsa, ban da ƙananan kuɗaɗen ofis.

A Ingila babu wani ofis da za ku zauna ku gama a yini guda. Ka taya, mai gida ya sallama, amma wannan sallamar ba ta ɗaure kowa ba. Har sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, mai gida yana iya sayar wa wanda ya ƙara kuɗi, kai ma kana iya fasawa. Tsakanin tayi da karɓar makulli wata uku ba abin mamaki ba ne, wani lokacin ya wuce haka. A cikin watannin nan lauyanka yana duba rajistar gidan a hukumar rajistar filaye, yana tambayar ƙaramar hukuma ko akwai titin da za a fasa ko ginin da aka yi ba izini, yana bincika hanyar ruwa da haɗarin ambaliya. Kuɗinka ma ta asusunsa yake bi, shi yake biyan haraji a madadinka, shi yake sa sunanka a rajista. Ladansa yawanci tsakanin fam 1,000 ne da 2,000, ban da kuɗin binciken.

Inda lauyan Ingila ya fi yi maka amfani shi ne batun irin mallakar. Yawancin fulat a can ba mallaka ce ta har abada ba, haya ce mai dogon zango, kusan kamar yadda takardar C of O take ba ka shekara 99 a wajenmu. Kana iya ganin fulat mai kyau da arha, ashe shekarun da suka rage masa sun gangaro ƙasa da 80, inda tsawaitawa take tsada kuma bankuna suke ja da baya, sai ka rasa mai saye ranar da ka tashi sayarwa. Ga kuɗin hayar fili na shekara da kuɗin kula da gini, waɗanda suke iya hawa. Ga kuma matsalar rufin bangon waje, wadda ta taso bayan gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017 da ta ci rayuka 72. Tun daga lokacin, dogayen gine-gine da yawa sun zama masu wuyar sayarwa sai an tabbatar da lafiyar bangonsu. Manchester cike take da irin waɗannan benaye. Dillali ba zai fara maka da wannan zancen ba.

Sai haraji, wanda na ga ya fi girgiza mutanenmu. Wanda bai zauna a Birtaniya kwana 183 ba a cikin shekarar da ta gabaci sayen, ana ƙara masa kashi 2 a kan harajin sayen gida, tun daga Afrilun 2021. Wanda kuma yake da wani gidan, ana ƙara masa kashi 5, tun daga ƙarshen Oktoban 2024. Wani gidan nan ba sai a Ingila ba. Gidanka na Kano ko Abuja yana shiga lissafi muddin darajarsa ta kai fam 40,000. A ma'aunin da ya fara aiki a Afrilun 2025, fulat ɗin fam 200,000 harajinsa na asali fam 1,500 ne, amma kai za ka biya 15,500. Wasu sukan ce to a sa sunan yaro mana. Ana yi, kuma harajin yakan sauka, sai dai lauya zai sa ka rubuta cewa kuɗin kyauta ne, kuma daga ranar gidan na yaron ne a idon doka, ba naka ba. Mai 'ya'ya da yawa da ɗaki fiye da ɗaya ya kamata ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu a wannan takarda, domin rigimar da za ta biyo baya ba a Manchester za a yi ta ba, a tsakar gidansa za a yi ta.

Akwai abin da nake so ka shirya masa tun yanzu. Lauyan Ingila zai tambaye ka daga ina kuɗin suka fito, kuma ba raini ba ne, doka ce ta ɗora masa. Yayata ta sha wahala a nan. Kuɗinta halal ne, na atamfa da leshi ne da ta shekara goma sha tana sayarwa, amma ta saba ta ba ɗan canji naira, wani can ya tura fam daga asusun da ita ma ba ta san mai shi ba. Lauyar ta ƙi karɓa, ta ce sai kuɗi sun fito daga asusu mai sunan mai saye, tare da bayanan banki na watanni da takardun kasuwanci. Na tuna yayata zaune a kan darduma da dare, ta baje tsofaffin rasitai da littafin shago, muna ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Sati biyar wannan ya ci, saura kaɗan mai gida ya fasa. Dubai ma ta tsananta tambaya a 'yan shekarun nan, ba kamar da ba, amma ba ta kai Ingila bin diddigi ba. Idan kuma mutum ma'aikacin gwamnati ne a Najeriya, ya tuna kundin tsarin mulki ya wajabta masa bayyana kadarorinsa, doka kuma ta hana shi riƙe asusun banki a waje.

To in Dubai ta fi sauƙi haka, me lauya zai yi maka a can? A ganina amfaninsa ya fi fitowa a gidan da ba a gina ba tukuna, wanda shi ne dillalai suka fi tallatawa, saboda ana biya kashi-kashi. Dubai ta ɗauki darasi daga faɗuwar kasuwa ta 2008 da 2009, lokacin da ayyuka da yawa suka tsaya cak da kuɗin mutane a ciki. Tun kafin nan ma, dokar 2007 ta ce kuɗin masu saye su shiga asusun amana na wannan aikin kaɗai, kuma akwai rajistar wucin gadi da ake kira Oqood, inda ake rubuta sunanka kafin a gama gini. Hukumar RERA tana sa ido a kan kamfanoni da dillalai, kuma a manhajar Dubai REST kana iya duba lasisin dillali da inda aiki ya kai. Wannan duk kariya ce ta gaske. Amma hukuma ba ta karanta maka yarjejeniyar da kamfani ya rubuta, kuma lauyoyin kamfanin ne suka rubuta ta. A cikinta za ka tarar da damar da suka ba kansu ta ƙara watanni a kan ranar miƙa gida, da yadda faɗin ɗakin zai iya raguwa kaɗan ba tare da an maido maka komai ba. Sannan in kai ne ka kasa biyan wani kashi, bayan gargaɗin kwana 30 doka ta ba kamfani damar riƙe har kashi 40 na farashin gidan in aikin ya wuce kashi 60, ko har kashi 25 in bai kai ba. Ka auna wannan da yadda naira ta faɗi daga 2023 zuwa 2024. Mutumin da yake samun kuɗinsa da naira, yana biyan dirhami wanda yake ɗaure da dala, ya kamata wani ya zaunar da shi ya karanta masa wannan sashen kafin ya biya sisi.

Batun wakilci ma ya fi shafar Dubai. Kowa ya tuna yadda aka rufe wa 'yan Najeriya biza daga 2022 har zuwa Yulin 2024. Wanda cinikinsa ya faɗo a tsakiyar wannan lokaci sai da wakili. Takardar wakilci da aka rubuta a Najeriya sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja da ofishin jakadancin Daular Larabawa, a sake tabbatar da ita a can, a fassara ta zuwa Larabci. Lauya ne zai taƙaita ta ga gida ɗaya da aiki ɗaya. Kada ka ba dillali wakilci buɗaɗɗe, ko da kun shekara goma kuna cin abinci tare.

A gado ma sun rabu. A Dubai, gidan Musulmi kotu tana raba shi bisa shari'a, aikin magada shi ne kawo takardun da aka tabbatar. A Ingila, in mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar ƙasar ce take raba gidan da ke can, ba ruwanta da rabon da ka sani. Sai ka rubuta wasiyya a tsarinsu kana faɗin yadda kake so a raba. Akwai kuma harajin gado na kashi 40 a kan abin da ya haura fam 325,000, ko da mamacin bai taɓa zama a ƙasar ba. Game da zama kuwa, gidan da ya kai dirhami miliyan 2 yana buɗe ƙofar bizar shekara 10 a Dubai, amma gida a Ingila ba ya ba ka izinin zama ko na kwana ɗaya.

Na dawo kan lauyan da dillalin Manchester zai haɗa ka da shi. Ba haramun ba ne, kuma yana iya zama na kirki, amma ka tambaya ko dillalin yana samun lada a kan haɗin, domin doka ta ce a faɗa maka. In gidan ba a gina shi ba, kuma kamfanin ya nace sai lauyansu, ni dai zan ƙi. Baƙi da dama sun yi asarar kuɗin ajiya a ayyukan da suka durƙushe a arewacin Ingila, har hukumar SRA mai kula da lauyoyi ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan. Ka shiga rajistar SRA a intanet ka duba sunan ofishin da kanka, ka ɗauki lambar wayarsu daga can, ba daga saƙon WhatsApp ba. Ofishin da yake cikin rajistar dole yana da inshora, kuma akwai inda ake kai ƙararsa. A Dubai ka nemi ofishin da yake da lasisi daga Sashen Shari'a na Gwamnatin Dubai, ku yi tsadar aikin a rubuce: duba yarjejeniya, tabbatar da asusun amana, rubuta wakilci.

In ni ne kai, Alhaji, a Manchester zan nemi lauyana tun kafin in taya gida, in tura masa bayanan banki ya ce sun isa. A Dubai, in ginanne ne kuma babu bashin banki a kansa, duba takardu na kwana biyu ya wadatar. In ba a gina ba, ba zan biya ko kuɗin kama wuri ba sai an karanta mini yarjejeniyar. Kuma a ko'ina ne, ranar tura kuɗi ka kira lauyan a lambar da ka sani, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa, ka fara tura kaɗan ya tabbatar ya gani. Ɓarayi suna kutsawa cikin imel su canza lambar asusu a daidai wannan ranar.