Kantin maganin da na yi SIWES: abin da ɗalibin Famasi zai samu a can

Ƙannenmu na baya sun fara neman wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai kafin su gama karatu, kuma duk wadda ta tare ni tambayarta ke nan: asibiti ko kantin unguwa? Ni kantin unguwa na yi, a nan Kano. Ba zan kama sunansa ba domin akwai inda zan ɗan taɓa shi, amma wanda ya tuntuɓe ni zan yi masa kwatance.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne mai kantin tana zama. Hajiya cikakkiyar mai harhaɗa magunguna ce, lasisinta na PCN, hukumar da ke kula da aikin Famasi a Najeriya, yana rataye a bango, kuma daga safe har bayan la'asar tana bayan kantar shagon. Mun san kantunan da mai lasisin sai dai a ga sunansa a allo, yaran shago ne ke komai. A irin waɗannan, farashi kawai ɗalibi zai haddace.

Da farko ba ta bar ni na yi magana da mai saye ba. Kwalaye ta haɗa ni da su: in duba lambar NAFDAC, in duba ranar ƙarewar wa'adi, in jawo wanda ya kusa lalacewa gaba. Sai firjin insulin (allurar masu ciwon suga), wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Akwai ma'auni a ciki da takardar da ake cikewa safe da yamma, kuma firjin a kan sola yake, ba ruwansa da ɗauke wuta. Na ɗan ji haushi a lokacin, amma a nan na san wane magani ne ke cikin wane kwali, abin da littafi bai taɓa nuna mini ba.

Gaban kantar shagon kuwa nan ne darasin yake. Wani dattijo ya kawo takardar likita, an rubuta masa ciprofloxacin. Ni har na miƙa hannu zan ɗauko, sai Hajiya ta ce, "Baba, kana shan fura da nono?" Ya ce ai ita ce abincinsa na rana. Ta ce, "To kada ka kora maganin nan da ita. Ka sha shi da ruwa, ka bar tazarar awa biyu aƙalla." A aji mun karanta cewa sinadarin kalsiyam yana kama wannan maganin ya hana hanji tsotse shi, har ya fito mana a jarrabawa. Sai ranar na haɗa wannan karatu da ƙwaryar fura.

Haka take yi da "sau uku a rana". Ba ta faɗin haka, domin mutum zai sha duka ukun tsakanin hantsi da magariba. Cewa take asuba, azahar, sai lokacin kwanciya, ta ja layi uku a jikin ambulan saboda wanda bai iya karatu ba. Mai zazzaɓi sai an soki yatsarsa an gwada kafin a ba shi maganin maleriya, kuma idan artemether da lumefantrine ne za ta nanata masa cewa sha shida ne cikin kwana uku, na biyun bayan awa 8, a kuma sha shi da abinci mai maiƙo.

Tana rasa ciniki saboda taurin kanta, ni shaida ce. Wanda ya ce "a ba ni kafso biyu na ciwon ciki" ko "a haɗa mini" ba ya samu. Zai yi tsaki ya tsallaka kemis ɗin da ke gaba. Samarin da ke zuwa da raɗa suna neman tiramol ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da shi tun 2018, kallo ɗaya take yi musu.

Kayanta sun fi na maƙwabta tsada. Daga wakilan kamfanoni take saye, sai kuma Dangwauro, inda aka mayar da 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari a 2024. Tun da kamfanin magani na GSK ya sanar da janyewarsa daga Najeriya a 2023, masu asma da dama sun kasa sayen abin shaƙar kamfanin da suka saba da shi. Ita kuwa sai ta ɗauko na wani kamfani, ta nuna wa mutum cewa salbutamol ne a cikin duka biyun, ta koya masa yadda ake shaƙa.

Inda kantin ya gaza, ba na ɓoyewa. Babu keɓaɓɓen wurin da mace za ta faɗi matsalarta. Sai ta sunkuyo ta yi ƙus-ƙus ga maza a tsaye a bayanta, wata ma ta fasa ta tafi. Wannan ya fi komai damuna, kuma labule da kujera biyu sun isa su gyara shi. Lissafin kaya duk a littafi yake, ba kwamfuta. Ba a harhaɗa komai a wurin, don haka turmi da ma'aunin da muka sha fama da su a ɗakin gwaji ba za ka gan su ba. Mai son wannan ɓangaren ya nemi asibitin koyarwa. Ko kuɗin mota ba a bayarwa, kuma sa hannu a littafin SIWES sai ka yi ta bibiya.

Ga wanda ke da burin buɗe nasa kantin bayan ya gama digiri da shekarar horon aiki da jarrabawar PCN da bautar ƙasa, ina ganin wurin ya dace da shi. Ɗalibai kaɗan take ɗauka a lokaci guda, saboda haka a kai takardar makaranta da wuri. A zo da farar riga da takalmi mara tsini, domin wuni ake a tsaye.