Kwarin Westcliffe, inda mai gona ke yin shinge, saniya ta yi kiwonta

'Yan uwa na gida, duk wanda Allah ya kawo jihar Kolorado ta Amurka ya samu hutun kwana biyu, ya daure ya bar Denver ya je kwarin da ake kira Wet Mountain Valley. Tafiyar kusan awa uku ce a mota: babbar hanyar kudu zuwa Colorado Springs, sai hanya mai lamba 115 zuwa Florence, 67 zuwa Wetmore, sannan 96 ta hau da kai dutse ta sauke ka a Silver Cliff da Westcliffe, garuruwa biyu da ke manne da juna. Kana gangarowa duwatsun Sangre de Cristo za su tsaya maka a gaba kamar katanga, wasunsu sun haura mita 4,200. Kyau kam, masha Allah. Amma ni shanun wurin ne suka tsaya mini a rai.

A wata hanyar ƙasa a bayan gari, garke ya tare hanya: baƙaƙen shanu, ba ƙaho ba tozo, kuma ba makiyayi ko ɗaya a bayansu. Motoci uku suka tsaya cik, ba wanda ya danna hon, har na ƙarshe ya ƙetare. Dalilin yana cikin doka. A Kolorado, wanda ba ya son shanu su shiga masa gona shi ne zai yi shinge. Kuma dokar ta faɗi irin shingen: waya mai ƙaya layi uku, da turaku masu ƙwari, tsakanin kowanne kusan mita shida. In kana da irin wannan shanu suka keta, mai su zai biya ɓarna. In ba ka da shi, sai ka yi ta Allah ya kyauta. Haka ma direban da ya buge saniya a irin wannan fili, kada ya ɗauka kai tsaye mai ita ne zai gyara masa mota.

Inda shinge ya haɗu da titi ba sa sa ƙofa. Rami suke haƙawa a faɗin hanyar, su jera bututun ƙarfe a kai, da tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kowane biyu. Mota ta wuce tana karkarwa, saniya kuwa ta zo ta leƙa ta koma, don kofatonta ba shi da wurin takawa. In ƙasa ko ƙanƙara ta cika ramin, aikinsa ya lalace, shanu su taka su wuce, shi ya sa ake kwashe shi. Ka rage gudu a kai, musamman in ya jiƙe. Inda kuma ka tarar da ƙofar gaske, ka bar ta yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe. Mai ita ya san dalilinsa.

Ba ina cewa a kwaso wannan doka a kai mana ba. Manomin da ke da kadada ɗaya ina zai samu kuɗin waya? Abin da ya burge ni shi ne kowa ya san a wuyan wa alhaki yake tun kafin rigima ta taso. Mu ma ai muna da namu: burtali, mashaya, da dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Sai muka noma burtalin, muka yanka shi fuloti, sannan kowace kaka a tashi da sanduna. Wanda ya cinye hanyar shanu da wanda ya tura garke cikin gero da dare, duk kanwar ja ce.

Sai maganar tambari. Mai garke yakan kasance da alamarsa da aka yi wa rajista a jiha, ana ɗora ta da ƙarfe mai zafi tun saniya tana maraƙi. Ba a sayar da dabba, ba a fitar da ita daga jihar, ba a kai ta nesa fiye da mil 75 a cikin jihar, sai mai duba tambari ya zo ya gani ya ba da takarda. Ɓarawon shanu yana iya sata, inda zai sayar ne wahala. A karar shanu ta gida kuwa, dillali ya ce ya san mutumin, shi ke nan an gama shaida.

Ruwa ma da lissafi yake. Wanda kakansa ya fara jan ruwa daga rafi tun shekarun 1870 shi ke fara sha, ko da gonarsa ce a ƙarshen rafin. In ruwa ya ja baya, jami'i ya zo ya rufe bakin lambatun waɗanda suka zo daga baya. Har ruwan sama na rufin gidanka sai a 2016 aka yarda ka tara, shi ma ganga biyu kawai, galan 110. Da ruwan rafin suke shayar da ciyawar da ake yankewa a tsakiyar shekara a naɗe ingirici manya-manya, ɗaya kan kai rabin tan, domin in ƙanƙara ta rufe ƙasa saniya ɗaya takan ci kilo goma sha biyu ko fiye kullum. Harawar da muke jibgewa a kan rufi ce dai, ta masu injin.

Kada a ɗauka a sama suka tsinci wannan tsari. Ƙasar ta 'yan asalin wurin ce, ƙabilar Ute, aka kore su. Masu shanu da masu tumaki sun daɗe suna kashe juna a yammacin Amurka kafin dokar kiwo ta 1934 ta raba filayen gwamnati da izini da kuɗin kiwo. Garin Silver Cliff kuwa azurfa ce ta kafa shi. A 1880 mutanensa sun haura 5,000, yau 'yan ɗaruruwa ne. Azurfa ta ƙare, shanu suka saura. Gidan gonar Beckwith, fari mai jan rufi a arewa da Westcliffe kan hanya mai lamba 69, yana nan ana zuwa kallo.

To, ga inda suka ba ni haushi. Gari kewaye da shanu, amma babu mahauci ko ɗaya a bakin hanya, balle mai tsire. Naman halal kuwa ka taho da shi daga Denver ko Aurora. In kana son naman wurin, sai ku haɗu ku sayi rabin sa ko kwata daga mai garke, ku daidaita maganar yanka da mayankar da ta yarda tun da wuri, don layinsu kan kai watanni. Kuɗin a kan nauyin gangar jiki ake yi bayan an feɗe, wato kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa da rai. Su rataye shi a sanyi kamar mako biyu wai ya yi taushi, su cire ƙashi da kitse, abin da zai zo hannunka ya sake raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, a daskare cikin leda. Hanta da zuciya da harshe da wutsiya sai ka rubuta kana so. Tumbi da hanji da kai da ƙafa kuwa, yawanci sai su yi ta kallonka. Inda daɗin saniya yake, shi suke zubarwa. Allah sarki farfesun kayan ciki da safe.

Wanda zai je ya san cewa garin kansa yana kan tsayin kusan mita 2,400, daidai da ƙololuwar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya. Ranar farko numfashi kan yi gajere, kai ya yi ciwo. A sha ruwa da yawa, a bar hawan dutse sai washegari, a kuma sauko kafin azahar a watan Yuli da Agusta saboda tsawa. Ruwa yana tafasa a kusan digiri 92, don haka shinkafa da wake sai an ƙara musu ruwa da lokaci. A cika tanki tun a Florence, a sauke taswira a waya don sabis yana ɗaukewa a cikin dutse, a yi hattara da barewa da magariba. Shaguna suna rufewa da wuri. Da dare kuma a ɗauki rigar sanyi a fita kallon taurari: tun 2015 aka ba garuruwan biyu shaidar masu kiyaye duhun sama, fitilun titinsu duk an yi musu hula suna kallon ƙasa. Mutane na tahowa daga nesa su biya kuɗin masauki don su ga duhun da muke samu kyauta duk daren da aka ɗauke wuta.