GIMP 3.0 da fayilolin Photoshop: abin da ke tsira da abin da ke salwanta

Manhajar GIMP ta gyaran hoto kyauta ce, kuma sigarta ta 3.0 ta fito a watan Maris na 2025, kusan shekara bakwai bayan sigar 2.10. Tambayar da ta dami mai zanen fasta ko katin gayyata ita ce ko za ta iya karɓar aiki mai leyoyi da yawa (wato sassan hoto da aka jera ɗaya bisa ɗaya) daga Photoshop ba tare da ingancinsa ya ragu ba.

Ta fuskar ɗigon hoton kansa, GIMP ta cancanci yabo. Idan aka buɗe fayil ɗin PSD, wato tsarin da Photoshop ke adana aiki a ciki, leyoyin suna zuwa da sunayensu da jerinsu, rukunoni da marufan da ke ɓoye wani sashe na leya suna nan daram, kuma wuraren da aka bari fayau ba sa cikewa da fari. Tana kuma aiki da zurfin launi na bit 16 da 32, don haka sararin samaniyar da launinsa ke sauyawa a hankali ba ya komawa zara-zara.

Matsalar tana wajen abubuwan da Photoshop ke ajiyewa a matsayin umarni. Rubutu yana isowa a matsayin hoto, wanda ke nufin idan an manta ƙugiyar ɗ a sunan amarya, sai dai a goge layin a sake bugawa, a kuma nemo irin salon haruffan da aka yi amfani da shi tun farko. Leyoyin daidaita haske da launi ba sa aiki, inuwa da ƙyallin da aka yi wa rubutu sukan ɓace, har fastar da ta fito da armashi ta koma fayau babu ƙawa. Abin da ya burge ni shi ne manhajar ba ta rufa-rufa, domin tana fito da sanarwar abubuwan da ba ta iya ɗauka ba. Akwai kuma zaɓin buɗe hoton a haɗe, wanda ke nuna ainihin kamannin aikin muddin an adana wannan kwafin a cikin fayil ɗin, kuma yana da amfani ƙwarai wajen kwatantawa.

Masu kai aiki wurin ɗab'i su lura cewa GIMP tana gyara ne a tsarin RGB, wato tsarin launin allon kwamfuta. Tana iya fitar da TIFF ko JPEG a CMYK, tsarin launin injin ɗab'i, amma wanda aikinsa kullum na injin bugawa ne zai ji ta takura shi.

Tsakanin GIMP da manhajar zane ta Krita kuwa lamarin ya fi sauƙi, saboda dukansu suna karanta tsarin OpenRaster, wanda ke adana kowace leya a matsayin PNG, tsarin da ba ya zubar da komai wajen matsewa. Photoshop ba ta buɗe shi.

A ganina GIMP 3.0 ta dace da wanda zai karɓi PSD ya ƙarasa aikin a wurinsa, amma ba ta dace da fayil ɗin da zai riƙa kai-komo tsakanin mutum biyu ba. Mai turowa ya haɗe leyoyin daidaita launi da na inuwa a cikin wani kwafi, ya haɗo da PNG na kammalallen aikin, sannan ya aiko su ta WhatsApp a matsayin takarda, domin hoton da aka tura kai tsaye matse shi ake yi.