Ta hoton farko Regular ce wagon, kuma ita za ka saya

Malam, na duba hotunan motocin nan biyu da ka turo kana tambayar sunan kowacce da wadda ta fi. Ta farkon Marsandi W123 ce, wadda makanikai ke kira Regular, an ƙera irinta a Jamus daga 1976 zuwa 1986. Bambarta ta ƙarfe mai ƙyalli da waifa biyu sun isa shaida. Kuma ba salun ba ce kamar yadda mai ita ya rubuta maka. Rufinta ya miƙe har ƙarshen mota, ga ƙofa ta biyar a baya, ga sandunan ɗaure kaya a sama, to wagon ce, wadda aka fara fitarwa a 1978. In injinta mai injekta ne na 230, sunanta 230TE. Fitilunta masu zagaye suna nuna kafin ƙarshen 1982 aka yi ta, domin daga lokacin aka mai da su duka masu kusurwa huɗu, sai dai fa in wani ya canja su.

Irinta ce a gidanmu. Mahaifina ya riƙe ta shekaru, da ƙarfinsa ya ja baya ya miƙa min makulli. Muna loda mata buhunan masara a Dawanau har ka ce gindinta zai taɓa ƙasa, ana tada inji sai bayanta ya ɗago da kansa ya daidaita, saboda wagon ɗin tana zuwa da na'ura mai aiki da mai da ke ɗaga bayan motar. Da ita aka kai ƙannena mata gidajen aurensu, da ita muke zuwa gida sallah. In ta yi tari a hanya, makanikin ƙaramin gari ma yana buɗe bonet ya ga komai a fili ya gyara.

Ta biyun Marsandi W124 ce salun, wato V-boot, ga waifa guda ɗaya da murfin but da ya tsuke zuwa ƙasa tsakanin fitilu. Ta fi laushi a titi, wannan ba gardama. Amma wayoyinta sun fi yawa, kuma na wajen 1993 zuwa 1995 robar wayar injinsu tana ruɓewa da zafi.

Ga abin da ba ka tambaya ba. Kada ka yarda da rubutun da ke manne a bayan mota, dillalai suna ciro na wata su liƙa don kuɗi ya hau. Lambar shasi za ka karanta da idonka: 123.223 ita ce 230E salun, 123.283 wagon, 123.243 kuma mai ƙofa biyu. Ka tabbata ta yi daidai da takardun kwastam. Sannan ka ɗaga kafet ka duba tsatsa a ƙasa da wurin sa jak, don sabon fenti yana rufe ɓarna da yawa. Ka sa a tada ta da kaya a ciki. In bayan bai ɗago ba, wataƙila an cire na'urar an cusa mata sifirin, kuma dole farashi ya sauko.

Ka tafi da makanikinka, ba wanda mai mota ya kawo ba. In ƙasanta lafiya lau, ɗauki wagon ɗin.